Koriyar Mota a Ƙofar Otal

Enyonam ba ta iya kawo babbar magana sai miji na tsakiyar cin abinci. Halinta ne tun suna saurayi da budurwa, kuma Selom ya san shi sarai. Shi ya sa ranar da ta ajiye masa akume mai zafi, wato tuwon masararsu, da miyar lalo, ta kuma ware masa kan kifi bai roƙa ba, sai ya dakata da hannu a cikin kwano ya dube ta.

"Faɗi abin da ke bakinki, Enyo. Wannan kan kifin ba na banza ba ne."

Ta yi dariya, ta jawo kujera kusa da shi, ta kira shi da Fo, wato yaya a yarensu. "Fo Selom, mota nake so in saya."

"To ai magana ta ƙare. Gobe mu je filin Fo Gameli ya zaɓar miki mai lafiya."

"Ba irin tasa ba. Sabuwa nake so, mai aiki da lantarki."

Nan Selom ya ajiye lomar da ya ɗauka. Gameli yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin tsofaffin motocin Turai a bayan tashar jiragen ruwa ta Lome, kuma a zuriyarsu ko babur ba a taɓa saya ba sai ta hannunsa. Shi kuwa Selom malamin firamare ne a unguwarsu ta Be, albashinsa ba ya kai ƙarshen wata sai da ɗingishi. Kuɗin gidan nan a hannun Enyonam yake. Atamfa take sayarwa a babbar kasuwa, sana'ar da ta gada daga kakarta, wadda a zamaninta da marsandi take zuwa rumfa.

"Saurare ni ka ji," in ji ta. "Gwamnati ta yafe kuɗin kwastan a kan sabuwar motar lantarki. Ta wurin Fo Gameli kuwa tsufanta daban, kwastan daban, ga mai kullum, ga bakanike duk wata. Banki sun ce in irin wannan ce za su rage min ruwa. Kamfanin kuma su ba ka wayar caji kyauta. Da na haɗa duka, sai na ga sabuwar ta fi tsohuwar sauƙi."

"Wa ya karanta miki duk wannan karatun?"

"Wani ma'aikacinsu, Kekeli. Ya san aikinsa, ga haƙuri wajen bayani."

"Ga haƙuri," Selom ya maimaita, ya ture kan kifin gefe.

An ce kishi kumallon mata. Wanda ya faɗi haka bai ga na namijin da matarsa ta fi shi samu ba. Selom yana son Enyonam kamar ransa, ita ma haka, amma tun daga ranar sunan Kekeli ya maƙale masa kamar ƙaya. Waya ta yi ƙara, Kekeli ne a kan takardun kwastan. Ta sake ƙara, Kekeli ne a kan kalar mota. Shi kuwa yana zaune yana duba aikin yara, jan biro a hannu, yana ba marasa laifi sifiri.

Duk da haka bai hana ta ba, don ba shi da hujja, kuma lissafinta gaskiya ne. Abin da ya ƙudura shi ne motar nan ba za ta shigo gidan ubansa ba tare da hannunsa a ciki ba. Ya fasa ɗan abin da yake tarawa don ɗinkin Kirsimeti, ya kira mai gyaran wuta, aka ja sabon layi daga mita aka kafa ƙaton soket a bangon tsakar gida. Bangon da ya fi kusa da mita shi ne na ɗakin Dada, mahaifiyarsu, don haka nan aka kafa. Selom da kansa ya yi masa 'yar rumfar kwano saboda ruwan sama, har da fenti.

"Mota taki ce," ya ce wa matarsa, "amma abincinta daga hannuna zai fito."

Ta rungume shi a gaban mai gyaran wuta, ko kunya babu.

Ranar da motar ta iso, unguwa ta fito kallo. Koriya ce shar kamar ɗanyen mangwaro, babu irinta a duk Be. Tasi Mawusi, ƙanwar mahaifinsu, wadda ba a yanke komai a gidan sai da ita, ta dama gari a ƙwarya ta zuba a ƙasa gaban tayoyi, ta kira sunayen magabata su tsare hanya. Gameli ya zo a makare. Ya zagaya motar hannu a baya, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashi.

"Matarmu, ina taya ki murna," ya ce. "Ashe filina ya yi miki ƙanƙanta. Tayar da ita mu ji muryarta."

"Ai a tashe take, Fo."

Ya kasa kunne, sannan ya kwashe da dariya. "Mota ba tari, ba atishawa? Selom, ka buɗe ido. Wannan ta fita ba ka ji ba, ta dawo ba ka ji ba."

Kowa ya yi dariya, Selom ma ya yi tasa ta yaƙe. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba. Dada na zaune a ƙofar ɗakinta, idonta a kan baƙar wayar da ta taso daga bangonta ta shige cikin mota. Tsohuwar ma 'yar kasuwa ce a da. Gobarar da ta cinye babbar kasuwa ta cinye mata rumfa da duk abin da ta tara, kuma tun lokacin hawan jini ya kama ta, ba ta sake taka kasuwa ba. A hayaniyar murna babu wanda ya lura da ita.

Kwanakin farko Selom ya ji daɗinsa. In ya dawo daga makaranta ya ga waya a jone, sai ya ji kamar shi ya sayi motar. Daga baya ya daina ganinta a jone. Ya ce wataƙila da rana take yi yana wurin aiki. Sai wata Asabar ya ga gizo-gizo ya yi saƙa a bakin soket, saƙa mai kauri, ba ta jiya ba.

"Enyo, motarki ta daina cin abinci ne?"

Ta sunkuyar da kai tana ninke atamfa. "A gari nake yi mata. Na can ya fi sauri."

"Na gida ya lalace?"

"Lafiyarsa lau."

"To me ya sa?"

"Na ce maka ya fi sauri, Fo Selom. Bari in duba miya."

Enyonam ba ta iya ƙarya ba, kuma wannan ne ya cuce ta, don da ta iya da ta shirya wadda za ta zauna. Selom ya bi bayanta da kallo, zuciyarsa na tafasa.

Ba a jima ba Gameli ya same shi a ƙofar makaranta ana tashi. Ya ja shi gindin bishiya, ya yi fuskar mai ta'aziyya.

"Ƙanena, ka san ni ba na son gulma. Amma abin da gari ya sani bai kamata mai gida ya zama na ƙarshen ji ba. Koriyar mota guda nawa ce a Lome? Kullum da azahar tana otal ɗin nan na bakin teku. 'Yan acaɓa har kwatance suke yi da ita."

"Caji take yi," Selom ya ce.

"Na san haka za ta ce. Babu wuta a gidanku ne? Ba kai ka hana kanka sabuwar riga ka kafa mata soket ba? Mace ta bar na kyauta a gidan mijinta ta je ta biya a otal, kuma kamfanin su yaron nan Kekeli ne ya kafa injin cajin a can. Ruwa ba ya tsami banza, Selom. Ni dai na sauke nauyi."

Washegari Selom ya bar yaran ajinsa da aikin lissafi, ya hau acaɓa. Ya laɓe bayan rumfar mai kwakwa a tsallaken titi, shi da yake koya wa yara cewa leƙen asiri ba kyau. Ga motar nan a harabar otal, waya a jone. Ya jira rana na dukansa. Can sai ga Enyonam ta fito daga ƙofar gilashi, kusa da ita wani dogon saurayi mai farar riga da ɗamarar wuya, yana faɗin wani abu tana dariya har da dafa ƙirji. Saurayin ya cire wayar, ya naɗe mata, ya buɗe mata ƙofa. Abin da Selom ya gani ke nan, ba ƙari. Sauran zuciyarsa ce ta ƙarasa masa.

Da yamma bai taɓa abinci ba.

"Ya sunan ɗakin da kuke kamawa?" ya tambaye ta.

Ludayi ya faɗi daga hannunta. "Me ka ce?"

"Na gan ku da idona. Yafe kuɗin kwastan, ko? Ashe har da abin da aka yafe miki ban sani ba."

"Fo Selom, ka ji tsoron Allah. Ciki na shiga in biya kuɗin wuta."

"To faɗa min abin da ya hana ki na gida. Kalma ɗaya nake so."

Ta buɗe baki, ta waiga wajen ɗakin Dada, ta rufe. Hawaye suka zubo mata. "Ba zan iya faɗa ba. Amma na rantse da aurenmu ban ci amanarka ba. Ka yarda da ni ko sau ɗaya ba sai da dalili ba."

Bai yarda ba. Da ya tsaya a nan ma da sauƙi, amma sai ya ɗauki maganar ɗakinsa ya kai wa Tasi Mawusi, kuma maganar da ta shiga kunnen Tasi ta zama ta dangi. Aka yi zaman a gidanta, a ɓoye, don kowa ya yarda kada Dada ta ji jininta ya hau. Gameli ya zo da shaidunsa na baki. Tasi ta saurara har ƙarshe, sannan ta sa aka kawo kwanon ruwa da ganye aka ajiye a tsakiya.

"'Yata," ta ce, "kin san al'adar gidan nan. Matar da ƙafarta ta taka waje ba ta dafa wa ɗanmu abinci, ba ta kwana ɗakinsa, sai mun wanke mata ƙafa. Ba mu son saki. Miƙo ƙafarki mu wanke, magana ta mutu, ki koma ɗakinki."

Enyonam ta dubi kwanon. Kowa a wurin ya san ma'anarsa: wadda ta sa ƙafa a ciki ta amsa laifi, kuma 'ya'yan da za ta haifa ma sai an yi musu gori da shi.

"Tasi, ke uwa ce, ba zan ɗaga miki murya ba. Amma ƙafata ba ta da dattin da ruwan nan zai wanke."

"To ki ba mu dalilin zuwa otal."

"Alkawari na ɗauka."

"Wa kika ɗaukar wa?" Gameli ya cafe. "Mai ɗamarar wuya?"

Ta juya ta dube shi, kallo mai tsawo, har sai da ya kawar da kai. Sannan ta dubi mijinta. Shi take jira. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta isa a ɗauke kwanon nan. Selom ya ƙura wa ƙasa ido, kishi ya ɗaure masa harshe.

Ta kwance bakin zaninta, ta ciro makullin mota, ta ajiye a gabansa. "Tunda ita ta fi ni daraja a bakinku, ga ta nan. Ni na tafi Aneho wurin uwata." Ta durƙusa ta gaida Tasi, ta fita da ƙafarta a bushe.

Dada aka ce mata surukarta ta je jinyar uwarta. Tsohuwar ta yi ta addu'a tana tambaya ko da sauƙi, Selom na amsa mata da ƙarya. Gida ya yi masa faɗi. Motar na tsakar gida ganyen mangwaro na zuba a kanta, in ya wuce sai ya kawar da kai. Ya rame, ya daina aske gemu, ga kewa ga fushi, ya rasa wanne ya fi cin sa. In ya tuna dariyar nan da dafa ƙirji sai ya ji kamar ya fasa gilashin motar, in ya ga zaninta a kan igiya sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Gameli ne ya kawo shawara. "Me kake yi da abin baƙin ciki a gida? Kawo ta filina gobe da safe. Ina da mai saye. A biya banki, abin da ya saura in haɗa maka mota ta mutane, mai ƙara."

Da safe Selom ya shiga motar ya danna maɓallin tayarwa, sai ta nuna masa batir ya kusa ƙarewa, da ƙyar zai kai bakin teku balle filin Gameli. Ya yi tsaki. Ya fito da wayar caji daga bayan mota, ya share saƙar gizo-gizo da hannunsa, ya jona a soket ɗinsa.

Bai kai ga juyawa ba ya ji ihu daga ɗakin Dada.

"Cire! Selom, cire shi!"

Tsohuwar da sai an riƙe ta take tashi, ga ta a bakin ƙofa ba sanda, ba ɗankwali. Ya fizge wayar ya ruga ya tare ta kafin ta faɗi.

"Dada, lafiya? Me ya faru?"

"Wuta za ta kama. A bangon da nake sa kaina, Selom. Ina Enyonam? Ita ta yi min alkawari ba za a sake jona shi ba ina raye a ɗakin nan."

Ya zaunar da ita a kan tabarma, shi ma ya zube a gabanta. "Wane alkawari?"

Sai da numfashinta ya daidaita ta faɗa masa. Bayan zuwan motar da 'yan kwanaki Gameli ya shigo gaishe ta, ya nuna mata hoto mai motsi a wayarsa, wata mota na ci da wuta, ya ce irin wannan ce, kuma daga wurin caji take farawa. Tun ranar ta daina barci. In ta rufe ido sai ta ga kasuwa na ci. Ta kira Enyonam ta kama ƙafarta tana kuka. Yarinyar ta yi mata bayani har ta gaji, cewa layin sabo ne kuma an duba shi, amma tsoro ba ya jin bayani. A ƙarshe ta ce, "Dada, barcinki ya fi min kuɗin caji."

"Ni na sa ta rantse ba za ta gaya maka ba," in ji Dada. "Na ga yadda kake shafa abin nan kamar ɗan fari. Na ce za ka ji uwarka ta raina aikinka. Kuma in ka ji daga bakin wa na samo tsoron, kai da yayanka za ku raba hanya, ni kuwa ku biyu gare ni. Kullum sai ta biya wuta a waje saboda ni, ba ta taɓa yi min gori ba. Ya jikin uwar tata? Yaushe za ta dawo?"

Selom ya kifa kansa a cinyar uwarsa ya fashe da kuka, kuka irin na yaro. A cikin kukan ya faɗa mata komai, har da kwanon ruwa.

Dada ba ta yi ihu ba. Ta ɗauke hannunta daga kansa kawai, kuma wannan ya fi masa mari zafi.

Ana haka sai ga Gameli ya shigo yana kaɗa makullai, ya zo jin abin da ya tsayar da mota. Selom ya miƙe da niyyar da shi kansa bai san iyakarta ba, Dada ta riƙe masa ƙafar wando.

"Zauna. Abin da yarinyar nan ta bar aurenta don ta hana, ba za ka yi shi a gabana ba." Ta juya ga babban ɗanta. "Gameli, ka san dalilin zuwanta otal?"

Makullai suka daina ƙara a hannunsa.

"Ka sani tun farko, tunda kai ka shuka shi."

"Dada, tun ina saurayi nake sayar da mota," ya ce a hankali. "Duk filin an san matar ƙanena ta tsallake ni ta kai wa baƙo kuɗi. Har yaran shago dariya suke min. So na yi ta gaji da motar ta kawo min. Ban yi zaton abin zai kai nan ba."

"Ka yi zato. Kana zaune aka kawo kwanon." Ta nuna masa ƙofa. "Je ka faɗa wa Tasinku da bakinka, kafin ni in je."

Yanzu sai tafiya Aneho, ga mota ba wuta, ga soket ɗin gida ya haramta. Dole Selom ya lallaɓa da ita har otal ɗin bakin teku, ya shiga harabar da ya tsine wa, ya tsaya yana juya waya bai san inda ake sawa ba. Dogon saurayin nan ya taso da fara'a.

"Kai ne maigidan Madam? Ni ne Kekeli. Kwana biyu ba mu gan ta ba, ina fata lafiya." Ya jona masa, ya nuna wani benci a gindin itacen kwakwa. "Ga wurin zamanta can, nan take cin ayabarta tana jira. Kullum sai ta ba mu labarin soket ɗin da ka kafa mata da kuɗinka, har da 'yar rumfa da fenti. Ranar nan ta ce ka fi kula da shi a kan gemunka, muka yi ta dariya."

Selom ya zauna a kan bencin. Mutane na wucewa a titi suna kallon koriyar mota suna kallonsa. Ya zauna har batir ya cika, kuma a zaman nan ya ɗanɗani abin da matarsa ta yi ta sha ita kaɗai.

Tasi Mawusi ce ta zauna a gaba, da kwalaben abin sha na ban-haƙuri a cinyarta. Sun tarar da Enyonam a tsakar gidan uwarta tana gyaran kifi. Ba ta ji isowarsu ba sai da inuwar mota ta faɗo a kan kwanonta. Ta rame ita ma. Ta gaida Tasi, ba ta dubi mijinta ba.

Tasi, wadda ba a taɓa gani ta durƙusa wa na ƙasa da ita ba, ta kai gwiwa ɗaya ƙasa. "'Yata, na tsufa ina shari'ar gida, ban taɓa kuskure irin wannan ba. Dada ta yi magana. Alkawarinki ya sauka."

Sai a lokacin Enyonam ta saki wuƙar, ta rufe fuska da zani tana kuka.

"Enyo," Selom ya ce, "ba ni da bakin magana."

"Ranar ma ba ka da shi," ta amsa. "Ban ji zafin Fo Gameli ba, ciniki ya rasa. Ban ji zafin Tasi ba, abin da aka kawo mata ta yanke. Kai na duba, Fo Selom. Kai ka san ni tun ina tallan ƙyalle a ka. Da ka ce a ɗauke kwanon nan, ko ba ka yarda da ni ba a ranka, da na bi ka gida."

"Kishi ne. Na ga kin fi ni komai, na ga abu ɗaya da na iya yi miki kin bar shi yana saƙar gizo. Sai na ɗauka ni ma haka kika bar ni."

"To da ka faɗi wannan, ba waccan ba."

Uwar Enyonam ce ta kawo ruwa a ƙwarya, ta miƙa wa Tasi. Tasi ta miƙa wa ɗan wanta. "Ƙafarta ba ta buƙatar wanki. Bakinka ne ke buƙata. Ka janye abin da ka faɗa a gaban magabata."

Selom ya kurɓa, ya kurkure, ya fesar a ƙasa, ya ce maganar da ya yi a kan matarsa ƙarya ce, ta bi ruwan nan. Tasi ta karɓa ta yi nata. Ta ce saura Gameli, kuma nasa a tsakar gidan Be zai yi, a gaban duk wanda ya ji ta farko.

Enyonam ba ta bi su ranar ba. Ta ce zuciya ba soket ba ce da za a jona ta kama nan take. Sai da ta ga dama, bayan Gameli ya fesar da nasa ruwan unguwa na kallo, sannan ta aiko a zo a ɗauke ta, da sharaɗi guda: har ranar da za a mayar da soket bangon waje, nesa da kan Dada, duk zuwan da za ta yi otal da mijinta za ta je.

Haka kuwa aka yi. 'Yan acaɓa suka canza kwatance, suka koma cewa, "Wurin da malamin nan ke zama da matarsa suna cin ayaba." Ranar Lahadi aka lallashi Dada ta shiga motar a karon farko za a kai ta coci. Ta shiga tana addu'a, ta riƙe hannun surukarta gam. Kafin su kai shataletale barci ya ɗauke ta, Enyonam ta yi ta zagaya gari da ita a hankali har aka tashi daga coci, don kada ta tashe ta.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, Enyonam ta dafa nata. Ku kuwa masu aure da masu shirin yi, ku riƙe wannan: ba duk shirun mace ne ɓoyon laifi ba, wani shirun rufin asirin gidanku ne take ɗauke da shi ita kaɗai. In wani ya zo yana ce maka ba ya son gulma, ka fara tambayar kanka abin da ya rasa. Selom ya ci sa'a uwarsa na da rai ta yi ihu. Ba kowa ke samun wanda zai ce masa ya cire ba kafin gida ya kama.